Azara: Uba ne ko Mahaifi?

A aya ta 74 cikin Suratul An'am, Alƙur'ani ya ambaci wani mutum mai suna Azara, ya kira shi uban Annabi Ibrahim (AS), ya kuma nuna yana bautar gumaka. Mai tilawa zai wuce wurin bai ji komai ba. Amma a kan kalmar nan guda malamai sun shekara sama da dubu suna ja-in-ja, yau ga shi ta iso zaurukanmu na WhatsApp a Gumel, inda yaron da bai sauke izu biyar ba ke kafirta sa'an ubansa a kanta.

Mafi yawan malaman tafsirin Sunna, irin su Ɗabari da Ibn Kasir, sun bar ayar a zahirinta: Azara mahaifinsa ne. Da aka ce ai masana nasaba Tarahu suka sani, sai suka ce mutum kan yi suna biyu, ko ɗaya ya zama laƙabi. Suna kuma da hadisin Bukhari da ke ba da labarin haɗuwar Ibrahim da Azara ranar alƙiyama. Malaman Shi'a Imamiyya suka ce a'a. Shaihul Mufid, wanda ya rasu a 1022, ya rubuta cewa sun haɗu a kan iyayen Manzon Allah (SAW) tun daga Adamu har Abdullahi duk masu tauhidi ne. Tunda Ibrahim kakansa ne, to Azara baffa ne ko kakan wajen uwa. Ɗabaɗaba'i, mai tafsirin Al-Mizan, ya kawo hujja mai daɗin bi: Suratut Tauba ta nuna Ibrahim ya daina nema wa Azara gafara, amma a Suratu Ibrahim ga shi da tsufansa yana nema wa mahaifansa gafara. Kalmar da aka yi amfani da ita ga Azara ita ce "ab", ta wurin addu'ar kuwa daga "walid" take.

Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, don shi ma yana da uba yana da mahaifi. Ƙanin uba uba ne, Baba muke ce masa, shi ke karɓar sadaki, shi ke ba da aure. Mu masu rubuta manhaja muna cin karo da wannan kusan kullum. Fom ya ba da gurbi ɗaya tak na sunan uba, yaro kuwa riƙonsa aka yi. A firamare an rubuta shi da sunan baffansa, a rajistar NIN an sa na mahaifinsa, sai ga shi ya zo cike JAMB kwamfuta ta ce mutum biyu ne. Babu wanda ya yi ƙarya. Gurbin ne ya yi wa kalmar kaɗan. Suratul Baƙara ma ta lissafa Isma'ila cikin iyayen Yaƙubu alhali baffansa ne.

Wannan bai yanke hukunci ba. Yiwuwar kalma ta nufi baffa daban, a ce shi ta nufa daban, kuma a ganinmu zahirin ayar da hadisin Bukhari sun fi nauyi. Sai dai masu raba gardamar gida biyu, Sunna nan Shi'a can, ba su duba da kyau ba. Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya kare ra'ayin cewa Azara baffa ne a cikin Masalikul Hunafa. Shi ne fa Suyuɗin Tafsirin Jalalaini da ake karantawa a masallatanmu duk azumi, wanda ya taɓa aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha. Dattijon Batijjane a Sule Tankarkar da ya tashi yana jin labarin hasken Annabi na bin tsarkakan tsatso a wurin Maulidi ya fi kusa da almajirin Zakzaky a wannan mas'ala fiye da ɗansa ɗan Izala, ko da ba zai so a faɗa masa haka ba. Izala a 1978 aka kafa ta a Jos, juyin Iran a 1979 ya zo. Saɓanin ya girme su nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne tambayar da ke ƙarƙashin gardamar. Me ya sa zuciya ke ƙin yarda mutumin kirki ya fito daga gidan da ba na kirki ba? Masu kare iyayen annabawa soyayya ce ta kai su, kuma hujjarsu a kan annabawa ta tsaya, ba su ce kowa ya ɗauke ta ya auna maƙwabcinsa ba. Mu ne muka faɗaɗa ta. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari mai sayen rago yana da gaskiya in ya tambaya Balami ne ko Uda, don a dabba iri ne ke faɗin girman da za ta yi. Sai mu baro kara da wannan ma'auni mu shiga da shi zauren neman aure. A aika binciken asali, a dawo da rahoton cewa yaron yana da sana'a, yana salla, ba ya shaye-shaye, amma kakansa bawa ne, ko gidan mahauta ne, ko ubansa tubabbe ne daga Maguzawa. Shi ke nan, magana ta mutu, a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba a tuna cewa bakin da ya yi wannan karin magana shi ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Littafin da muke gardama a kansa bai ba jini wannan matsayi ba. Ɗan Annabi Nuhu ya halaka a ruwa, aka kuma cire shi daga iyalin ubansa saboda aikinsa. Abu Lahabi, wanda Sunna da Shi'a ba su saɓa a kansa ba, ɗan Abdulmuɗɗalibi ne. In tsarkin tsatso na sauka ga kowane ɗa, da bai tsallake shi ba.

Sannan ko wane ɓangare ya yi daidai, labarin bai canza sosai ba. In mahaifi ne, badaɗin Allah ɗan mai bautar gumaka ne, kuma wanda ake wa gorin ubansa ya samu abin faɗa. In baffa ne, to wanda yake kira Baba, mai ikon yi masa tsawa, shi ne mai gumakan. A Suratu Maryam sau huɗu a jere Ibrahim ya kira shi da kiran ɗa ga uba, cikin taushin murya, yana ja masa kunne. Azara ya ce in bai bari ba zai jefe shi, ya kore shi daga gabansa. Ibrahim ya yi masa sallama, ya ce zai nema masa gafara, sannan ya bar su da gumakansu.