Gyaran Gidan Gado

Ya 'yan'uwa Musulmi, wasunmu suna jin kunyar gidan ƙasa da iyaye suka bari, har su ci bashi da ruwa domin su rushe shi su sa bulo. Ina hujjarsu? Masallacin Manzon Allah (S.A.W.) da tubali aka gina shi, ginshiƙansa kututturan dabino. Da Sayyidina Umar ya faɗaɗa shi a shekara ta 17 bayan Hijira, irin kayan nan ya maimaita. Siminti halal ne, kuɗin ruwa kuwa haramun. Kafin damina a kira magini ya sake yaɓe, ya shafa makuba, ya canja azarar da gara ta ci. Katangar da ta karkata, in aka yi maka gargaɗi ka ƙyale har ta faɗa wa maƙwabci, malamai sun ce kai za ka biya.