Hawaye a kan Mutumin Takarda

Idan iyaye da malaman makaranta suka zauna zancen littattafan da matasa ke karantawa, tambayar da ta fi fitowa ita ce: me ke cikin littafin? Akwai batsa? Akwai rashin kunya ga manya? Tambaya ce mai kyau, amma akwai wadda ta fi ta nauyi, ba a cika yin ta ba: me ke faruwa a zuciyar yaro sa'ad da yake karantawa, kuma mene ne darajar abin da ya ji? Ɗaliba a kolejin Tanut tana iya kwana tana kuka a kan yarinyar da ba a taɓa haifa ba. Ɗalibi a Belbeji yana iya wuni cikin fushi da wani attajiri wanda babu shi sai a takarda. Wannan kuka da wannan fushi, ilimi ne ko ruɗu? Babba ya girmama su, ko ya kawar da su?

Damargu ta daɗe a bakin hanya. Ta nan ayarin raƙuma ke bi tsakanin Agadas da Damagaram da Kano, yana sauke gishiri yana ɗaukar hatsi, kuma a nan ne Barth da abokan tafiyarsa biyu suka rabu a watan Janairu na 1851, kowa ya kama gabansa. Hanyar da ta kawo tufafin Kano ita ce daga baya ta kawo littattafanta. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 ƙananan littattafan soyayya suka riƙa tsallako iyaka cikin kayan fatake, suna yawo hannu zuwa hannu har bango ya yage. Makaranta kuma ta kawo nata da Faransanci, irin su «Sous l'orage» na Seydou Badian da «Une si longue lettre» na Mariama Bâ. Yau wayar hannu ta shigo da kashi na uku: labarai da ake turawa ta WhatsApp, da waɗanda ake karantawa da murya, har wadda ba ta taɓa shiga aji ba tana saurara tana sussuka.

Ƙagaggen labari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tatsuniya ta riga littafi. Sai dai tatsuniya tana da shinge: da dare ake yin ta, a bainar yara, daga bakin kaka ko gwaggo wadda ke kallon fuskokinsu. In tsoro ya yi yawa ta sassauta, in an yi dariyar mugunta ta tsawata, a ƙarshe ta rufe da «ƙurunƙus», kowa ya san an fito daga duniyar Gizo. Littafi ba shi da wannan shinge. Shi ne karo na farko da yaro ke kaɗaita da labari, babu babba a tsakani, babu mai ce masa ga inda ƙarya ta ƙare. Tsoron iyaye daga nan ya samo asali, kuma tsoro ne mai dalili.

Ba Hausawa ne suka fara wannan tsoro ba. Aflatun ya so a kori mawaƙa daga birnin da ya tsara, domin a ganinsa suna shayar da ɓangaren rai da ya kamata a bari ya bushe. Da littafin Goethe a kan saurayi Werther ya fito a Jamus a 1774, hukumar Leipzig ta hana sayar da shi don gudun kada samari su kwaikwayi ƙarshen jarumin. A Kano, a 2007, an ƙona littattafan Hausa da aka ƙwace daga makarantun ƴan mata, a zamanin gwamna Ibrahim Shekarau. Hujjar duk ɗaya ce: zuciyar matashi ɗanyen yumɓu ce, abin da ya taɓa ta sai ya bar sawu.

Wajibi ne a ba wannan hujja haƙƙinta. A cikin «In Da So Da Ƙauna» na Ado Ahmad Gidan Dabino, Sumayya ta faɗa rijiya da aka nemi raba ta da Muhammad, talakan da take so. A ƙasar da rijiyoyi ke da zurfin da sai da dabba ake jan guga, uwa ba za ta ji wannan labari da sanyin rai ba. Akwai kuma wata illa da ta fi wannan yawa, ko da yake ba ta da amo. Da yawa daga cikin littattafan nan cike suke da gidajen bene da motoci da samari masu ƙamshi. Yarinyar da ta sha su da yawa tana iya ɗaga kai ta dubi manomin Gangara da ke neman ta, ta ga bai kai ba, alhali laifinsa kawai shi ne bai yi kama da mutumin takarda ba. Raina abin hannu cuta ce ta gaske. Haka nan a cikin labaran waya akwai waɗanda ba su bi ta hannun kowa ba kafin su fito, ba su da abin sayarwa sai tsiraici.

Amma hujjar ɗanyen yumɓu, in aka bi ta har ƙarshe, takan rushe abin da masu ita ke son karewa. In zuciya tana ɗaukar sawun mugun labari, tana ɗaukar na kyakkyawa, kuma wanda ya hana ta taɓuwa gaba ɗaya ya hana ta tarbiyya. Malaman zaure sun san haka. Shekaru aru-aru ana karanta Muƙamar Hariri a ƙasar Hausa, littafin da jaruminsa Abu Zaidi mayaudari ne wanda bai taɓa rayuwa ba. Hariri da kansa ya kare aikinsa a gabatarwa, ya kwatanta shi da labaran da ake ɗora wa dabbobi don a koyar. Abubakar Imam ya bi wannan sawu da aku mai ba da labari a «Magana Jari Ce». Ƙirƙira ba ƙarya ba ce matuƙar mai faɗa da mai ji sun san ƙirƙira ce.

Saboda haka abin da ya kamata a auna shi ne irin motsin da labari ya tayar, domin ba duk hawaye ne iri ɗaya ba. Ana iya rarrabe uku.

Na farko kwaɗayi ne. Mai karatu ya so ya zama jarumin, ya mallaki abin da ya mallaka. Idonsa yana kan kansa, kuma idan ya rufe littafin gidansu yakan ƙara yi masa ƙunci.

Na biyu tausayi ne. Mai karatu ya ji zafin wani kamar nasa. Wannan ya fi na farko, amma shi ma yana da tarko. Rousseau, a wasiƙarsa ta 1758 a kan wasan kwaikwayo, ya lura cewa mutum kan zubar da hawaye a gaban dandali ya tashi yana jin ya sauke nauyi, alhali bai taimaki kowa ba. Tausayin da ba ya cin ko dala yana da daɗi, shi ya sa ake komawa gare shi.

Na uku ganewa ce, kuma ita ce mai tsada. A cikin «Wa Zai Auri Jahila?» na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, an cire Abu daga makaranta, ɗan'uwanta mai ilimin boko ya ƙi ta don jahila ce, aka aurar da ita ga dattijo, ta gudu, ta koma karatu har ta tsaya da ƙafarta. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18. Ɗalibar da ke karanta labarin Abu a Damargu ba baƙon abu take karantawa ba. Wataƙila a ajinta akwai bencin da ya zama wayam bayan kaka, ba wanda ya ce uffan. Idan ta ɗaga kai daga littafin ta tuna mai bencin, ta tambayi kanta ina take, to labarin ya buɗe mata ido a kan abin da kullum yake gabanta. Ma'aunin ke nan: hawayen da suka mai da mutum ga maƙwabcinsa sun yi aiki, waɗanda suka tsaya a kan takarda sun bushe a banza.

Akwai wani amfani da ya keɓanta da al'ummar da ta ginu a kan kunya. Ɗiya ba ta iya duban mahaifinta ta ce ba ta son wanda aka zaɓa mata. Ɗa ba ya iya gaya wa malaminsa cewa tafiya cin rani Libiya ko Aljeriya tana ba shi tsoro. Kunya ado ce, amma tana rufe baki a inda magana za ta yi magani. Mutumin takarda yakan zama ɗan aike a nan. Ɗaliba tana iya cewa an zalunci Kany a «Sous l'orage» da mahaifinta Benfa ya ba da ita ga attajiri Famagan, ta kawo hujjojinta a gaban aji, ba ta ambaci gidansu ba, ba ta ci mutuncin kowa ba. Malami mai basira zai ji abin da ke ƙarƙashin maganar. Hausawa sun daɗe da sanin wannan hanya a habaici da karin magana: a bugi jaki a bugi taiki.

Daga nan aikin babba ya fito fili. Ƙwace littafi abu ne mai sauƙi, amma yana koya wa yaro darasi ɗaya tak, wato ya ƙara ɓoyewa. Yi wa kukansa dariya ya fi ƙwacewa muni, domin yaron da aka kunyata a kan tausayinsa yakan koyi taurin zuciya ya ɗauka shi ne girma. Sakin yaro da duk abin da ya ji, a ce ra'ayinsa ne, shi ma gudun nauyi ne. Abin da ya ji gaskiya ne a matsayin ji, amma hukuncin da ya gina a kai yana iya zama kuskure, kuma gyaran hukunci aikin manya ne.

Hanya mafi kusa ita ce a mai da wa labari shingen da ya rasa, wato zama tare. Malami ya fara da tambayar abin da ɗalibi ya ji kafin ya tambaye shi abin da marubuci ke nufi. Sa'an nan ya jera littattafai kusa da juna. Matsala ɗaya ce ta sami Sumayya da Abu da Kany, amma mafitarsu uku: ɗaya ta nufi rijiya, ɗaya ta nufi makaranta, ɗaya kuma wani dattijo a dangi, Djigui, ya sa baki aka sasanta. Wace ce ta fi hikima? Wace ce za ta yiwu a Tarka ko a Olelewa? Me ya sa mahaifin ya yi abin da ya yi: mugunta ce, ko talauci, ko tsoron abin kunya? Tambayar ƙarshen nan tana da muhimmanci, domin mai karatun da ya iya tausaya wa ɗiya kaɗai bai gama koyo ba sai ya iya fahimtar uban, ko da bai ba shi gaskiya ba. Ƙungiyoyin al'adu suna da wuraren yin wannan a shirye: fadar samari inda ake dafa shayi, taron mata, da gidajen rediyon karkara.

Sauran abu ɗaya. Matashin Damargu yana kuka a kan ƴan Kano da ƴan Bamako da ƴan Dakar, amma da wuya ya ci karo da kansa a shafi: rumbun da ya ƙare kafin damina, layin jarka a bakin rijiya, Bahaushe da Buzu da Bafillace da Dagira a kasuwa ɗaya. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Harshe yana nan, masu karatu suna nan. Ɗalibar da aka saurari abin da ta ji game da Abu, aka yi mata tambaya har ta kai ga hujja, ita ce ake sa ran wata rana za ta zauna ta rubuta labarin mai bencin nan na ajinsu. Malamin da ya ga ta ɓoye littafi a ƙarƙashin tebur yana da zaɓi a wannan lokaci: ya karɓe ya kulle a ofis, ko ya karɓa ya karanta, ya dawo ranar Litinin ya tambayi ajin abin da suka gani.