Rinjayen Jama'a da Ingancin Labari

Dimokuraɗiyya tana ƙirga ƙuri'a ne domin a san wanda zai yi mulki, amma ƙuri'a ba ta iya tabbatar da cewa abu ya faru ko bai faru ba. Siyasar zuga talakawa, inda ɗan siyasa ke iƙirarin shi kaɗai ne bakin jama'a, sauran kuwa duk maciya amana ne, tana cakuɗa waɗannan biyun. A wurinta, abin da taro ya yi wa tafi shi ne gaskiya.

Malaman Musulunci sun daɗe da raba yawan masu faɗa da ingancin abin da aka faɗa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarci muminai da su bincika labarin da fasiƙi ya kawo, kada su cutar da wasu cikin rashin sani. Malaman hadisi kuma suka kafa ilimin isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun taɓa haɗuwa, yana da riƙo? Ko labari mutawatiri, wanda ƙarfinsa ke cikin yawan maruwaita, sharaɗinsa shi ne tushen ya kasance mutane da yawa da suka gani ko suka ji da kansu. Mutum dubu masu maimaita zancen mutum ɗaya, maruwaici ɗaya ne.

Nan ne kafafen sada zumunta suka yi rauni. Saƙon murya a WhatsApp yakan iso babu sunan mai shi, babu rana, babu gari. A 2018 jita-jitar cewa Shugaba Buhari ya rasu an musanya shi da wani Jubril daga Sudan ta bazu har sai da ya ƙaryata ta da bakinsa a Poland cikin watan Disamba.

Aikin ɗan jarida shi ne mayar wa labari isnadinsa: ya je wurin, ya nemi takarda, ya ji ta bakin wanda ake zargi. Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa 'yan jarida sa ido a kan gwamnati. Sai dai gidan rediyon da ya sayar wa sojojin baka fili su yi ta yarfe babu tantancewa, ko wakilin da ke jiran kuɗin mota kafin ya rubuta rahoto, ya sauka daga wannan matsayi, ko da lasisinsa na nan daram.