ARAHA BA TA ADO

Tambaya ɗaya nake so mu warware tsakaninmu mata, tunda sayen kayan yara da na gida yawanci ta hannunmu yake bi. Idan takalmin fata ya ɓalle tun sallah ba ta wuce ba, laifin wa ke nan? Na wanda ya ɗinka, ko na wadda ta taya?

Iyayenmu maza da suka kalli fim ɗin kaboyi a silima suna tuna mutanen nan na Amurka da malafa, da takalmi sau-ciki, da ɗamarar fata, da sirdi mai ado. Har yau akwai masu yin kayan nan da hannu a can, kuma masu saye ba sa ƙyashin biya, don sun san abin da aikin ya ci. To mu fa, me za a nuna mana? Fatar jar akuyar Sakkwato fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, don ta can take isa gare su. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci. Bature Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 sai da ya ba da labarin takalman da ake fitarwa daga garin nan zuwa ƙasashe masu nisa.

Kin taɓa tunanin hannu nawa fata ke bi kafin ta iso ƙafarki? Majema na Ƙofar Wambai su jiƙa ta, su sa ta a ruwan toka gashi ya saki, su kankare, su tsoma ta a bagaruwa har ta jemu, su shanya. A rina ta ja da karan dafi. Sannan baduku ya yanka, ya huda da basilla, ya bi huji ɗaya bayan ɗaya yana ɗinki. Kwana da kwanaki ke nan. Sai ke kuma ki taso daga Gyaɗi-Gyaɗi, ya faɗi kuɗi, ki taya kashi ɗaya cikin uku. Ya ce albarka, ki ce ai ga na roba can tuli a kasuwar Tarauni. Amma ranar da dillaliya ta kawo miki jakar leda 'yar Dubai, ko tari ba ki yi ba kika biya.

Shi fa yana da iyali, kuma tukunya ba ta san haƙuri ba. In ya sallama a kuɗinki, a ina zai fanshe? A inda idonki ba ya kaiwa. Ya shafa gam inda ya kamata ya ɗinka, ya cusa kwali a tsakiya, ya rufe da fata mai sheƙi.

Na san za ki ce, "To ni na sa shi algus?" Gaskiyarki, ban wanke shi ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ya ga kuɗin ba za su fisshe shi ba, ya tsaya a kan albarkarsa mana. Dubi ranar Hawan Daushe, hawan da hukumar UNESCO ta sa bikinsa cikin al'adun duniya a 2024. Kowa ado yake kallo, babu mai leƙa majayin da ke ƙarƙashin cikin doki. Alhali in ya tsinke ana tsakiyar jahi, sirdi ne zai juye da ɗan wata. Badukun da ya yi ha'inci a nan, wallahi babu talaucin da zai zame masa uzuri.

Sai dai kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ciniki halal ne, tayi ba laifi ba ne. Amma akwai tayin neman daidai, akwai kuma na wadda ta hango mutum a matse ta danne shi. A ganina wannan na biyun cin gumin wani ne, ko da bakinsa ya ce ya sallama. Kuma abin kanmu yake dawowa. Mai gaskiya ya ga sana'a ba ta ciyar da shi, ɗansa ya ajiye basilla ya kama tuƙin Adaidaita Sahu, kasuwa ta rage sai masu gam da kwali. Mu kuma mu zauna muna cewa kayan yanzu ba su da auki.

Don haka 'yar'uwa, in kin je saye, juya kayan ki duba ɗinkin ciki, ki tambaye shi fata ce zalla ko da haɗi. In na ƙwarai ne, ki biya da daɗin rai, don ɗaya mai ƙarko ya fi uku masu ɓallewa. In kuɗinki bai kai ba, ki ce bai kai ba, kada ki kushe aikin mutum don ki karya masa farashi.

Allah Ya ba mu ikon cin halal da ciyar da shi, amin.