Haƙƙin Wa Tsaurin Jarrabawa Yake Karewa?

Matashin da ya tashi a Wurno ko Rabah ko Goronyo, ya je Sakkwato ya karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, yakan fito ya tarar da wani shingen a gabansa. Bankuna da kamfanonin sadarwa da dama ba sa tsayawa ga kwalin makaranta. Sukan nemi takardar ƙwarewa irin su CCNA ta kamfanin Cisco ko Security+ ta CompTIA. Jarrabawar CCNA minti 120 ce, tambayoyinta kan kai kimanin 100, kuma wadda ka wuce ta wuce ke nan, ba a komawa a gyara amsa. Ta Security+ minti 90 ce, sai mai maki 750 cikin 900 ke tsallakewa. Ba mamaki don an ji masu shirinta suna cewa an tsananta, har wasu su ce zalunci ne. Ni ina ganin wahala biyu aka cuɗa a wannan koke. Ɗaya wahalar ilimin ce kansa, kuma haƙƙin jama'a ne da ba ya halatta a sassauta. Ɗayar wahalar hanya ce, ta kuɗi da nisa da wuta, wadda ba ta auna komai, kuma kawar da ita nauyi ne a wuyan al'umma.

Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne, don wa aka yi takardar? Mai ita ya san iyakar abin da ya iya, malaminsa ma ya sani. Wanda bai sani ba shi ne mutum na uku, wanda zai miƙa dukiyarsa ko sirrinsa ga aikin da ba shi da halin tantancewa. Ɗan kasuwar da ya loda tafarnuwa daga Wurno ko albasa daga Goronyo zuwa Legas, kuɗinsa ta waya suke dawowa. Yana jiran alat, ya je wurin mai POS ya cire. Tsakanin mai saye da aljihunsa akwai na'urori masu yawa da wasu mutane suka saita, bai taɓa ganinsu ba, ko ya gan su ma bai san tambayar da zai yi musu ba. Jarrabawa ita ce ke yi masa wannan tambaya a madadinsa. In an sauƙaƙa ta har wanda bai iya ba ya wuce, ɗalibin zai ji daɗi, amma da dukiyar ɗan kasuwar aka yi masa alheri, ba tare da an nemi izininsa ba.

Musulmi sun daɗe da fahimtar haka. Masana tarihin likitanci sun ruwaito cewa a shekarar 319 bayan Hijira, wato 931, wani maras lafiya ya rasu a Bagadaza sanadiyyar kuskuren mai magani, sai Halifa Muƙtadir ya hana kowa yin aikin likita har sai Sinan bin Sabit ya jarraba shi, aka kuwa jarraba mutum fiye da 860. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, mai sana'ar da aka ba kaya ya tafi da su, kamar marini ko maɗinki, shi ke lamuninsu in sun salwanta, kuma malamai sun kafa hujja da maslahar jama'a. Haka nan wanda ya yi wa mutum magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, diyyar ɓarnar tana kansa. Ijazar malamai ma a kan wannan tushe take: malami ya sa sunansa ya ce wane ya karanta littafi kaza a gabana, na yarje masa ya karantar. Shi ya sa Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukhi, ya jero malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu da abin da ya karanta gun kowanne. Har yau akwai ɓurɓushin wannan tsari a fagen kwamfuta, domin takardar CISSP ta masana tsaron bayanai ba ta samuwa da cin jarrabawa kaɗai, sai da shekara biyar na aiki da kuma wanda zai tsaya wa mutum ya shaide shi.

In aka duba abin da ke sa gumi a jarrabawar, za a ga yawancinsa daga aikin ya fito. Ana iya ba ɗalibi adireshin 192.168.10.0 a ce ya raba shi gida huɗu daidai wa daida. Kowane gida zai tashi da adireshi 64. Na farkon sunan gidan ne, na ƙarshen na yi wa kowa shela ne, saura 62 da za a raba wa na'urori. Sai a tambaye shi, na'ura mai lamba 130 a wane gida take? Amsa ita ce gida na uku, wanda ya fara daga 128 ya ƙare a 191. Lissafin ba shi da zurfi, amma abin da ake da shi ga kowace tambaya bai fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ba, ga kuma wasu tambayoyin da sai ka zauna ka rubuta wa na'urar rarraba intanet umarni da hannunka. Ranar da kwamfutar wani reshen banki ko ɗakin ajiye bayanan asibiti ta daina magana da sauran, layi ya miƙe har waje, wannan lissafin ne ma'aikaci zai yi a tsaye, manaja na kansa. Agogon ɗakin jarrabawa kwaikwayon wannan ranar yake yi, kuma ya fi ta sauƙi, domin faɗuwa a ɗakin jarrabawa mutum ɗaya take shafa.

Mai ja zai ce addini sauƙi ne, shari'a ta ɗauke ƙunci, don me za a yabi tsanani? Gaskiya ne wahala a karan kanta ba ibada ba ce, kuma tambayar da aka murɗe don kawai a kayar da ɗalibi ba ta da mai kare ta. Amma a lura da inda rangwamen shari'a yake sauka. Matafiyi yana ƙasaru, maras lafiya yana ajiye azumi ya rama, wanda bai sami ruwa ba ya yi taimama. Duk waɗannan tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, Mai haƙƙin ne da kansa ya yi rangwame. Ba a taɓa jin tafiya ta rage wa mutum bashin da ake binsa ba, ko rashin lafiya ya halatta masa tauye mudu. Haƙƙin bayi mai shi ne kawai ke yafe shi. Ƙwarewar wanda zai riƙe bayanan mutane tana cikin wannan kashi na biyu, saboda haka ba mai jarrabawa ba ne ke da ikon yafe ta, balle wanda ake jarrabawa.

Wahala ta biyu kuwa labarinta daban ne. Kuɗin zama CCNA dala 300 ne. A 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, wannan ya kai naira 450,000, fiye da albashin wata shida ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a shekarar. In ka faɗi, sai ka sake biya. Wanda ya zaɓi ya rubuta daga gida ta intanet sai ya nuna wa mai sa ido ɗakinsa ta kyamara, ya share teburinsa, kada kowa ya shigo, kada a ji magana, kada sabis ya yanke har a gama. A gidan gandu mai yara da baƙi, a garin da wuta sai an yi dace, waɗannan sharuɗɗa kaɗai sun isa su kayar da gwani. A watan Satumba na 2021 ma an katse layukan waya gaba ɗaya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, ciki har da Rabah da Goronyo. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke nuna ko mutum ya iya aiki. Abin da suke nunawa shi ne inda aka haife shi da abin da ke aljihun mahaifinsa. Imam Gazali a Ihya'u ya sa likitanci da lissafi da sana'o'in da rayuwa ba ta tsayuwa sai da su cikin fardu kifaya, wato in gari ya rasa mai yi, laifin na kowa ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗin Wurno ya kuma rasu a can a 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji a Usulus Siyasa cewa aikin shugaba ne ya reni masu sana'a ya kuma wadata kowane gari da su. In haka ne, ɗaki guda mai sola da intanet mai ƙarfi a hedikwatar ƙaramar hukuma, da asusun waƙafi da zai biya wa haziƙai kuɗin zama, sauke farilla ne. Kayan koyon ma ba su ne matsalar ba, tunda manhajar Packet Tracer da ake gwada haɗa na'urori a cikinta kyauta Cisco ke bayar da ita.

Daga wannan wahala ta biyu ne wata hujja mai jan hankali take fitowa. Akwai masu tattara tambayoyin jarrabawar da aka sato, da amsoshinsu, suna sayarwa ko suna rabawa a waya. Mai amfani da su yakan ce, ni talaka ne, ba zan yi caca da dala 300 ba, kuma kamfanin da ya tsuga kuɗin nan ba abin tausayi ba ne. Tsoronsa gaskiya ne, sai dai hujjar ta kauce wa wanda aka cuta. Da farko, kowane mai zama sai ya amince da alkawarin ba zai fitar da tambayoyi ba kafin a buɗe masa su, don haka abin da ake rabawa ganimar saɓa alkawari ce. Na biyu, kamfanin ya riga ya karɓi kuɗinsa, ba abin da ya rage shi da shi. Wanda aka yaudara shi ne mai ɗaukar aiki da mutanen da ke bayansa. Muslim ya ruwaito yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi kan ɓoye jiƙaƙƙen, ya kuma barranta daga mai algus. Duk wanda ya san kasuwar albasa ya san buhun da aka jera wa manya a baki, ƙasansa ruɓaɓɓu; da zarar an kama irinsa biyu ko uku, farashin kayan garin gaba ɗaya ke karyewa. Haka mai kwalin haddar amsa yake yi wa ɗan garinsu da ya kwana yana karatu: in aka gwada shi ya kasa, gobe ba za a yarda da takardar na bayansa ba.

Akwai kuma masu cewa kwali ba shi ne iyawa ba. Suna nuna masu gyaran waya da kwamfuta a kasuwa, waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin jarrabawa ba amma hannunsu ya fi na masu digiri, suna kuma cewa kamfanonin nan hajarsu suke tallatawa, shi ya sa takardar ke mutuwa bayan shekara uku a sake biya. Rabin maganar daidai ne. Mai gyara a kasuwa yana da tasa shaidar, wato idon unguwa da ya shekara yana ganin aikinsa, kuma ta fi kwali ƙarfi a inda aka san shi. Amma ba ta bin sa zuwa Abuja ko Legas, inda ba wanda ya san shi ko maigidansa. Takarda ita ce hanyar da baƙo ke samun amincewar baƙo, kuma wanda ya fi buƙatarta shi ne ɗan ƙauyen da ba shi da wani babba da zai ɗaga waya dominsa. In aka raina jarrabawa, abin da zai maye gurbinta shi ne sanayya da alfarma, kuma ba ɗan Goronyo ne zai ci ribar hakan ba. Batun sabuntawa kuwa, ko da akwai kasuwanci a ciki, yana da dalili: hukuncin gado bai sauya ba tun da aka saukar da shi, amma dabarun masu kutse na bana ba su ne na shekara biyar da suka wuce ba. Iyakar jarrabawa ta gaskiya wani wuri take. Suratul Ƙasas ta kawo siffofi biyu na wanda ya cancanci a ɗauka aiki, ƙarfi da amana. Na'ura tana iya auna na farko, ba ta da hanyar ganin na biyu, kuma wanda ya fi kowa iya tsare bayanai shi ya fi kowa sanin yadda ake sace su. Wannan gibi tarbiyyar gida da zaure ce ke cike shi.

Wanda ya zauna ya faɗi, yakan ce haka Allah ya ƙaddara, kuma ya yi gaskiya. Sai dai takardar sakamakon tana zuwa da bayanin fannonin da ya yi rauni, kuma karanta wannan bayani da komawa kansa shi ne riƙo da sababi, wanda tawakkali bai taɓa kore shi ba. Faɗuwa a kan tambayar da ba ka sani ba adalci ne, ko da yana da ɗaci. Faɗuwa don sabis ya ɗauke, ko rashin zama sam don babu dala, wannan gazawar al'umma ce. Don haka kokenmu ya kamata ya san adireshinsa. Masu tsara jarrabawa a roƙe su kada su rage ko maki ɗaya. Shugabannin ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo, da attajiran albasa da shinkafa, da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, su ne za a tambaya me ya hana yaro mai ƙwaƙwalwa isa bakin ƙofar ɗakin jarrabawar.