Hawan Jini A Cikin Matanmu

Akwai wani ciwo da ke cin matan ekklesiya a ɓoye, sunansa hawan jini. Ba ya fid da ƙurji, ba ya kawo zazzaɓi. Mace takan shekara da shi tana daka, tana ɗiban ruwa, tana waƙa a zumuntar mata, sai rana ɗaya ta fāɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Awo kaɗai ke tona shi. In an auna sau da dama ana samun 140 bisa 90 ko fiye, ciwon ya kama ke nan.

Mai ciki ta fi shiga hatsari, tun ba daga wata na biyar ba. Idan fuskarta da hannuwanta suka kumbura, kanta yana sara, idonta yana ganin dishi-dishi, jijjiga tana iya biyo baya, ta ɗauke uwa da ɗa. Mu kuwa sai mu ce iska ce ta buge ta, mu kewaye ta har gari ya waye. A yi addu'a, i, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Mai jego ma a yi hankali da ita. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura yawan kunun kanwa da wankan ruwan zafi suna gajiyar da zuciyar mai jego.

Abin da ya fi damunmu shi ne wannan: 'yar'uwa takan ji sauƙi, ta miƙe a majami'a ta ba da shaida, kāna ta zubar da maganinta, wai shan magani ƙarancin bangaskiya ne. Wa ya koya mana haka? Ku duba 2 Sarakuna sura 20. Allah da kansa ya yi wa Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka shafa masa curin ɓaure a kan marurun. Maganin hawan jini danne shi yake yi, in an bari yakan komo.

Ku mazaje, maganar ta zo kanku, gama kuɗin awo da izinin fita sau da yawa a hannunku suke. Ku ne kuma masu ƙorafi in gishirin miya ya kāsa, alhali kuwa ƙaramin cokali ɗaya ya ishi mutum yini guda, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.