Mai Ilmi Da Cinikin Kayan Gyaran Jikin Mota

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, wani ɗalibina na dā da ya kammala jami'a ya aiko mini da tambaya wadda na ga ya kyautu a amsa ta a wannan fili, domin ba shi kaɗai ta shafa ba. Ya ce an yi masa tayin zama wakilin ciniki na wani kamfani mai sayar da kayan gyaran jikin mota, watau fenti da tina da samfefa da filar da ake cike lotsawar ƙarfe da ita. Zai riƙa zagaya garejojin masu gyara yana tallata kayan, a ba shi albashi da kuma la'ada a kan abin da ya sayar. Abu biyu ne suka hana shi barci: gorin mutane, wai mai digiri ya koma talla, da kuma tsoron kada ya ci haram.

To, ɗana, batun gori ba shi da tushe a addini. Allah Maɗaukakin Sarki Ya bayyana halaccin ciniki a aya ta 275 ta Suratul Baƙara, a wuri guda da Ya haramta riba. Ka dubi Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya yarda da shi. Sa'ad da ya yi hijira zuwa Madina a shekarar 622, ɗan'uwansa na Ansar, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, amma ya gode masa, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kurum. Da cuku da man shanu ya fara, daga bisani ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai, yana kuma cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna. Ina mai digirin da ya fi shi daraja? Albashi da la'ada kuwa duka halal ne, muddin an san aikin, an kuma yanke ladan tun farko.

Amma tsoronka na biyu yana bisa hanya, gama wannan sana'a tana da wata jarrabawa tata ta musamman. Kayanta duk na rufewa ne. Fila tana rufe lotsa, fenti yana rufe fila, har mota ta fito tana ƙyalli kamar ba ta taɓa karo ba. Gyara abu ne mai kyau, amma wanda ya wuni cikin kayan rufe aibin ƙarfe, lalle ne ya yi hattara kada harshensa ya koyi rufe aibin haja.

Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, ya ji danshi. Mai hajar ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya tuhume shi a kan rashin sanya jiƙaƙƙen a bisa inda mutane za su gani, ya kuma nisanta mai algus daga gare shi. Ku lura, mutumin bai furta ƙarya ba, ɓoyewa kaɗai ya yi. A kan haka ne Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya lissafa algus da ɓoye aibi da cakuɗa mummuna da kyakkyawa cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki.

Yaya wannan zai zo maka? Wata zai yi nisa, la'adarka ba ta taru ba, ga gwangwanayen da suka daɗe a sito har sun soma daskarewa. Ko kuwa ka san an tsarma wani fenti da tina fiye da kima, ko an manna tambarin mai tsada a kan mai araha. Mai gareji ya amince maka, ba zai gane ba sai bayan watanni, sa'ad da fentin ya koɗe ko ya ɓanɓare, mai mota ya zo ya ci masa mutunci. Ka ga ka cuci mutum biyu da gwangwani ɗaya. Sayar da mai araha ba laifi ba ne, amma ka kira shi da sunansa, ka sa masa kuɗinsa.

Haka nan fila an yi ta ne don a shafa kaɗan bayan an buge ƙarfe ya miƙe. In aka labta ta da kauri a kan tsatsa, tsagewa take yi, shi ya sa masu sayen mota ke gwada jikinta da maganaɗisu, gama ba ya kama wurin da fila ta yi kauri. Kai ba a ɗora maka binciken zukatan masu saye ba. Amma in wani ya gaya maka ƙarara cewa so yake ya rufe ruɓaɓɓen ƙarfe ya sayar a matsayin lafiyayye, to nasiha ta wajaba a kanka, kada kuma ka zama mai koya masa dabara, domin aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi.

A nan ne ilminka zai yi rana. Da yawa daga masu feshi a Fanteka ta Kaduna ko Kofar Ruwa ta Kano da hannu suka koyi aiki, ba kowa ne ke karanta gargaɗin da ke jikin gwangwani ba. Fentin da ake haɗawa da sinadarin sandarewa yana iya jawo ciwon asma ga mai shaƙar feshinsa, tsumman da ake ɗaurawa a hanci kuwa ba ya tsare shi. Ka karanta musu, ka nuna musu takunkumin da ya dace. Wannan sadaka ce a cikin ciniki.

Sa'an nan ka rubuta kowane bashi, kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi umurni. In an yanke farashi, kada ka ƙara kome saboda jinkirin biya, gama wannan riba ce. Ka guji yawan rantsuwa, ka bar kasuwa in an kira sallar Jumu'a.

Saboda haka, ɗana, ka yi istihara, ka tambayi mai kamfanin tun kafin ka sa hannu ko za a bar ka ka faɗi gaskiyar kowace haja. In ya amsa, ka kama aikinka da ƙarfin zuciya. In kuwa ka ga cinikinsu bai tsayuwa sai da ɓoye, ka bar shi domin Allah, arziki ba ƙofa ɗaya gare shi ba.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mu daga haƙƙin bayinsa, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.